Hannu Mai Yatsa Huɗu

Shekara talatin da ɗaya gwaggona ta yi tana yaƙi da tawada a gidan jarida. Ita ce mai shara da goge-goge. In ma'aikatan inji sun fito, kowa sai ya dafa bangon matakala da baƙin hannunsa, ita kuwa tana biye da bokiti da soso tana zazzaga musu masifa. Wanda ya fi shan zagi shi ne mai kula da babban inji, wanda injin ya cinye masa ƙaramin yatsa. Tun tana zaginsa har ta aure shi.

Da ya rasu, ta wanke bangon tas, ban da shatin hannunsa guda a bayan ƙofa. Wannan ko ƙuda ba ta bari ya sauka a kai.

Jarida ta mutu, aka ce ginin ya zama kayan tarihi, aka turo kwamiti. Shugabansu ya dubi bango fari fat, ya riƙe baki.

"Wa ya yi mana wannan ɓarna? Ina tawadar tarihi?"

"Ranka ya daɗe, ni na wanke."

"To, ke za ki mayar."

Ta kai shi bayan ƙofa ta nuna masa na gaske. Ya sa tabarau ya ƙirga yatsun.

"Huɗu? Baƙi za su ce mun yi kuskure. A shafe."

Ta roƙa, ta yi kuka, ta tare mai fenti da tsintsiya. Ranar da ta je asibiti awon jini suka shafe shi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Washegari aka ba ta farantin tawada, aka ce ta bi bango tana dafawa har hawa na uku. Ta tsoma hannu ta fara. Da ta gama kwamiti ya yi tafi, ba wanda ya sake ƙirgawa.

Yanzu akwai mai yi wa baƙi bayani. Da kunnena na ji shi yana cewa a zamanin da ba a ɗaukar mutum aikin buga jarida sai an cire masa yatsa guda. Baƙi suna jinjina kai, suna shafa bango, gwaggo tana biye tana sabunta wanda ya dushe.

Na ce, "Gwaggo, ba za ki gyara masa zance ba?"

Ta tsoma hannu a faranti, ta lanƙwashe ƙaramin yatsanta, ta dafa bango.

"Rabu da shi. A da, shati guda ɗaya mijina ya bar mini. Yanzu duk inda na juya yana nan."