Ranar Da Direba Ya Ɗauki Matarsa

Sannu-Sannu ake ce masa a tasha, don ko ana koransa ba ya gudu da mota. Shekara ashirin da uku ke nan yana ɗaukar 'yan yawon buɗe ido a tsohuwar motarsa mai kujera tara, ya ratsa hamada da su, ya hau tsaunuka, ya dawo kafin rana ta faɗi. Zango huɗu ne a hanyar: tudun yashi, tsagin dutse, idon ruwa, sai ƙololuwar da ake hango gari kamar an watsa tsaba. Baƙi na ɗaukar hoto, shi yana durƙushe yana duba tayoyi.

Wata Talata baƙin da suka yi masa alkawari suka fasa, ga tanki cike da mai. Ya koma gida ya tarar da matarsa tana kakkaɓe yashi daga aljihun rigarsa.

"Maman yara, ɗauko mayafinki," ya ce. "Yau ke ce fasinja."

"Yashin da nake sharewa kullum shi zan je kallo?" in ji ta. Amma dai ta shiga.

A tudun yashi ko sauka ba ta yi ba. Da suka shiga tsagin dutse, inda hanya ta tsuke, ta leƙa taga ta ga ramin da ba a hango ƙarshensa. Ta damƙe kujera. Sai a idon ruwa, bayan ta wanke fuska, bakinta ya buɗe.

"Baban yara, nan kake bi kullum?"

"Sau biyu. Zuwa da dawowa."

"Ni kuma ina gida ina mitar ka daɗe."

Ya miƙa mata gorar ruwa.

A ƙololuwa iska ta kusa ƙwace mata mayafi. Ya nuna mata unguwarsu, ta yi ta ƙura ido har ta gane tankin ruwan bayan gidansu, ta yi dariya kamar yarinya. Shi ma ranar ya zauna a kan dutse ya miƙe ƙafa.

Kwana biyu kunnenta na toshe saboda hawan tsauni, amma ba maƙwabciyar da ba ta sha labari ba. Mako na zagayowa ta haɗo masa ƙannenta uku da surukarsa, ta ce ita ta riga ta gani.

Har yanzu yana kan hanyar. Gwiwa ta fara damunsa, ya ce shekara biyu zai ƙara ya ajiye makulli.