Wanda Ya Huda Butar Shayi

Ruwan rijiyar burtsatsen unguwarmu a Dutse yana da zartsi. In ka yi wata kana tafasa shi, sai farin ɓawo kamar alli ya kama gindin tukunya. Butar shayin matata kaɗai ce ba ta yin haka. Gadon mahaifiyarta ce, kuma duk Juma'a sai ta jiƙa tsamiya ta tafasa a ciki. Ni da na yi firamare har aji shida, na ce camfin mata ne.

Da ta tafi Jahun zaman jegon 'yarmu, na yi kwana arba'in ina shan shayi ban waiwayi tsamiya ba. Ana gobe za ta dawo na leƙa cikin butar, fari fat! Na ɗauko wuƙa na hau kankara. Ban yi nisa ba na hango rana ta gindin buta.

Da ta dawo na tare ta da fuskar jimami. "Kin ga aikin tsamiyarki ko? Ta cinye ƙarfen."

Ta juya butar, ta duba, ta rataye ta a ƙusa. Na bar ta da laifin lalata abin uwarta, kuma na san hakan duk lokacin da na wuce ƙusar nan.

Jaririyar da aka yi wa jegon yanzu tana jami'a a Kafin Hausa. Ta zo hutu tana ba mu labarin karatunta: wai ana gwada ruwan ganyaye da 'ya'yan itatuwa don hana irin wannan ɓawo toshe manyan bututu, har a injunan da ke cire gishiri daga ruwan teku.

"Har da masu tsami?" na tambaya.

"Har da su, angona. Ka tsufa ba ka sani ba?"

Na ajiye kofina, na dubi matata. "Hajiya, butar nan ni na huda ta. Da wuƙa. Ki yafe mini."

"Malam, ai tsamiya ba ta barin sawun wuƙa. Tun ranar na gani."

"To me ya hana ki magana?"

"Ina jira in ga shekara nawa za ka yi kafin ka faɗa da bakinka. Na yafe."

Washegari na sauke butar na kai wa mai walda, na biya kasuwa na sayo tsamiya. Yanzu ran Juma'a ni nake jiƙawa, ita tana zaune tana cewa na cika ruwa.