Mnena Mai Tafireta da Wasiƙar 'Yar Indiya

Shekara goma sha ɗaya muka yi gida ɗaya da Mnena Ugondo a Lafia, ƙofar ɗakinta na kallon tawa. Ni ina koyar da ɗinki a wata sakandaren 'yan mata, ita kuma tana buga tafireta a ofishin firinsifal. 'Yar Tibi ce, mahaifinta manomin doya a wajen Obi. Ta koyi bugu a Makurɗi, ta zo Lafia a 1979 da 'yarta Member a goye. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi wata guda bai leƙo ba.

Mace ce da ba ta iya zama wuri ɗaya. Ko tana bugu ƙafarta na kaɗawa a ƙarƙashin tebur. In ta gama shafi sai ta miƙe ta leƙa taga, ta dawo. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk “ya” take ce musu, kuma ba ta taɓa yarda a gyara mata ba.

A lokacin muna da malamai Indiyawa huɗu. Wanda ya fi daɗewa shi ne Mista Kuruvilla mai koyar da lissafi, wanda ɗalibai ke kira Malam Kurbila. 'Yarsa Shiba tana da shekara bakwai suka zo, don haka a gabanmu ta girma, tana cin tuwo, tana Hausa fiye da Mnena. Da ta gama aji biyar da sakamakon da ba a taɓa gani ba a makarantar, sai ta ƙudura neman wata jami'a a Amurka, wadda aka ce cikin mutum goma da suka nema ɗaya take ɗauka. Uban ya fi so ta koma Indiya ta yi karatu kusa da dangi, amma bai hana ta ba.

Wata biyu Shiba na zarya ofishin Mnena bayan an tashi aiki. Fom ɗin shafi takwas ne, guda ɗaya tak aka aiko, ba a yarda da goge ba. Mnena ta zana layukansa a kan farar takarda, ta gwada bugun kowane gurbi sau uku kafin ta ɗora ainihin fom ɗin a inji. Akwai wasiƙun shaida daga malamai biyu, da jerin makin shekara biyar, da sakamakon jarrabawar da yarinyar ta je Jos ta rubuta, da kuma bayanin rayuwarta da ta sake sau shida. A Disambar 1984 suka kai ambulan gidan waya tare.

A watan Fabrairu aka sanar da Malam Kurbila cewa ba za a sabunta kwantiraginsa ba. Cikin mako uku suka sayar da kujeru da firji. Ranar da za su tafi Shiba ta shigo gidanmu da wata 'yar takarda.

“Anti, lambar akwatin wasiƙun makaranta na ba su a fom. In amsa ta zo ki buɗe. Ga adireshin kawuna a garin Kottayam na Indiya, can za mu fara sauka.”

“In ya zo zan sani,” in ji Mnena. “Ki tafi kawai.”

Daga ranar Mnena ta hana masinjan makaranta ɗauko wasiƙu, ta karɓe mabuɗin akwatin. Kullum ƙarfe goma sai ta taka zuwa gidan waya cikin zafin Maris, wata rana har sau biyu. Abinci ma a tsaye take ci.

Ranar sha tara ga Afrilu ambulan ya iso, mai kauri. A ɗakin malamai ta same ni, ta jawo ni waje. An ɗauki Shiba, har da tallafin karatu. Amma a ƙasan shafin an rubuta cewa in ba su ji daga gare ta ba kafin ɗaya ga Mayu, za a ba wani gurbin. Wasiƙar ta yi kwana goma sha tara a hanya. Saura kwana goma sha biyu.

Nan take Mnena ta tura telegiram zuwa Kottayam, ta kuma sa takardun a wasiƙar jirgin sama. Kwana biyar shiru. Ta sake tura wani. Shiru.

“Malama Rekiya, in ya samu ai zai amsa,” ta ce mini, tana kai da komo a tsakar gida da tsintsiya a hannu, ba ta share komai. “Bai samu ba. Ko uban ya ɓoye.”

“Maman Member, kin yi naki. Ki zauna ki huta.”

“Zan amsa musu da sunanta. Na san sa hannunta, sau nawa na gani.”

Na ce mata in aka gano, ita da yarinyar duka za su kwana ciki. Ta jefar da tsintsiyar. Can ta ce to za ta rubuta da nata sunan.

Mnena ta buga wasiƙun mutane sun fi a ƙirga, amma ba ta taɓa tsara tata da Turanci ba. Ranar Asabar ɗin nan ta ɓata takarda kusan ashirin. Abin da ya rage a ƙarshe layi biyar ne: ita mai tafireta ce a makarantar da Shiba ta yi, iyalin sun koma Indiya, wasiƙar ta makara, yarinyar na so, a yi haƙuri a jira ta. Litinin da safe ta nemi izinin zuwa Jos, firinsifal ya hana saboda ana buga takardun jarrabawa. Ta ɗauki jakarta ta nufi tasha.

A Jos ta yini a layin masu buga waya ƙasar waje, layin bai shiga ba. Washegari ta haƙura ta aika da saƙon ta telegiram, ta dawo Lafia ta tarar da takardar tuhuma a kan teburinta. Ita da kanta ta buga amsar tuhumar.

Sai tsakiyar Yuni muka ji. Ashe kawun ya yi tafiya, gidan a rufe, su Shiba suna wajen wata goggonta a wani gari. Sai tara ga Mayu saƙon ya kai hannunta. Ta rubuta wa jami'ar tana roƙo, suka amsa cewa wata mata daga Nijeriya ta riga ta sanar da su, sun ajiye mata gurbin. A watan Agusta ta tafi. Uban ne ya raka ta filin jirgi.

Na zaci Mnena za ta natsu bayan wannan, amma sai abin ya ƙaru. Ofis ya ishe ta. A 1987 ta ajiye aikin, ta sayi tsohuwar tafireta, ta kafa tebur a ƙarƙashin wani mangwaro kusa da gidan waya. Masu neman jami'a, masu neman aikin soja, masu ƙorafin fili, duk wajenta suke zuwa. Takan yi wa yara faɗa in sun kawo fom a ƙudundune, kuma abu na farko da take dubawa shi ne ranar rufewa.

Shiba ta yi ta rubuto wasiƙa shekara uku, sai suka koma katin Kirsimeti, daga baya suka tsaya. Mnena ta ji zafin abin, ba ta ɓoye ba. Amma in wani ya soki yarinyar sai ta ce karatu ne ya yi mata yawa.

Sau biyu ta yi shirin komawa makaranta da kanta, ta karɓo fom, ta cika, ba ta aika ba. Na tambaye ta dalili, ta ce wa zai riƙe teburin.

Ni na koma Keana da aure a 1990. Da aka mai da Lafia babban birnin jiha a 1996 na shigo neman canjin wurin aiki, na same ta da tabarau a hanci da layin mutane har bakin titi. Member ce ke bugu a inji na biyu. Mnena ta karɓi takardata, ta duba, ta ce na rubuta sunan ma'aikatar ba daidai ba, in zauna a benci in jira ta gama da mutum uku.