Babbar Rigar da Na Kai Jos

Mun tashi da asuba daga tashar Bauchi, ni da babbar rigata a leda. Motar cike take, amma ban san kowa ba, kowa ya rungume kayansa yana gyangyaɗi. Muna fara hawan tudu sanyin Jos ya tarbe mu. Masu dankalin Turawa sun jeru a bakin titi, tsada kuwa sai ka ce da madara aka yi musu ban ruwa.

Yayana ne ya kira ni, tela ne a Nasarawa Gwom. Tun da gobarar kasuwar Taminus ta cinye shagonsa, wani banki ke ba shi rance gabanin azumi ya sari yadi, bayan Sallah ya biya. Bana sun ce a'a. Shi ne ya ce in zo in tsaya masa, tunda a wurinmu fuskar ɗan'uwa jingina ce.

Na same shi shi kaɗai, kekunan ɗinki a lulluɓe da tsumma. Muka sha gwaten acca. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Washegari na zuba babbar riga, na kafa hula, har da turare, muka nufi banki ni da Yaya. Ƙofar nan ta banki mai magana ba ta ga kwarjinina ba, sai da na ajiye makullaina ta bar ni na shiga.

Manajan dattijo ne ɗan Birom, ya san Yaya tun kafin gobara. Ya ce, "Alhaji, ba hannuna a ciki. Turawa sun saye banki. Da suna da kuɗi, su suka ce mu ba kowa. Yanzu kasuwa ya faɗi a ƙasarsu, sun ce a tsayar da bashi."

Na ce to, a kai ni wurin mai bankin in gaishe shi. Ya dubi rigata, ya sunkuyar da kai. "Ni ma ban taɓa ganin shi ba."

Yaya ya raka ni tasha. Nan ya ce in nemo masa mai sayen kekunan a Bauchi, a Jos kunya yake ji.

Na iso gida bayan la'asar, riga ta koma leda. Abin da na koyo shi ne, wanda ba ka san ƙofar gidansa ba, kada ka jingina abincinka da shi. Azumi ya ƙarato, ni kuwa har yau bakina ya kasa yi wa kowa tallan kekunan Yaya.