Mai Lamba Sha Huɗu

Mai riƙe agogon ƙwallon kwando ba ta san shi ba, sai lambar rigarsa. Dogo ne mai tabon tiyata a gwiwa, rigarsa a bushe ƙamas, na abokansa kuwa sun jiƙe sharkaf. An ce wasansa na ƙarshe ke nan a jami'a.

Sai da ya rage daƙiƙa arba'in koci ya tuna da shi. Ga ɗan wasan durƙushe gaban teburinta yana jira, don ba a canji sai wasa ya tsaya.

"Anti, saura nawa?"

"Tara," ta ce masa.

Ƙwallo ta ƙi fita daga fili balle wasa ya tsaya. Wani dattijo, da gani mahaifinsa ne, ya saita shi da waya. Ƙararrawar tashi ta kaɗa, mai lamba sha huɗu kuwa ya sunkuya yana sake ɗaure takalmin da bai kwance ba.