Ranar da injin ban ruwana ya yi ƙamshin ƙuli-ƙuli

Ina tsaye bakin gonata ta albasa a Bakura, injin ban ruwa na ta tari, hayaƙinsa na ƙamshin ƙuli-ƙuli. Can sai ya mutu murus.

Ni na jawo. Na ji a rediyo ana tada injin dizal da man tsirrai, ban tsaya jin ƙarshen bayanin ba. Na kwashi man gyaɗar da Innata ta gama suyar ƙuli da shi, har da guntayen ƙasan kasko, na ɗura rabin tanki. Har ina yi wa maƙwabtan gona lacca.

Malam Isa makanike ya zo daga Mafara, ya kwance filta, ya sunsuna.

"Malam Sani, mi ka ba injin ga?"

"Sabon ilimi ne."

"Man tsirran da ake tada inji da shi sai an sarrafa shi ya tsinke, kana a surka kaɗan cikin dizal. Kai ɗanye ka zuba. Wallahi yaji kaɗai ya rage mashi."

Kwana biyu albasata ba ta sha ruwa ba, Inna kuma ba ta amsa gaisuwata.

Wa ya taɓa jin rabin bayani ya ruga aiki? Ku fito, kar ku bar ni ni kaɗai.