Shekarar da Aka Hana Hajjo Zuwa Tafki

A ƙauyenmu na gefen Zurmi ba a taɓa irin gero sai kakata Hajjo ta yi magana. Da ruwan farko ya zuba, sai ta ɗauki sandarta ta shiga daji har bakin tafki, ta kasa kunne ga kukan kwaɗi. Ƙozo maƙaryaci ne a wurinta, ko yayyafi aka yi sai ya cika gari da kuka. Talibambam kuwa kumburi kaɗai ya iya. Burduddugi take jira, ƙaton kwaɗon nan mai binne kansa a laka. In ya fito ya yi kuka, ƙasa ta ƙoshi ke nan, a fita shuka.

Bayan an ba mu sabuwar jiha, tun kafin a ƙaddamar da Shari'a, aka kafa allon hana shiga a bakin dajin, aka ajiye wani malamin daji mai baƙin rai. Duk mai takarda daga birni sai ya bar shi ya wuce, har da masu zuwa a mota ɗaukar hoton kwaɗi. Hajjo kuwa ya tare ta, wai kama su za ta yi ta ƙyafe ta sayar. Matar da ko taɓa kwaɗo ba ta yi!

Bayan magaribar ranar muna zagaye da murhu, ta jawo tatsuniya fuska a ɗaure. Wai kwaɗi suka naɗa ƙozo tsaron tafki. Kunkuru, tsohon maƙwabcinsu, ya zo shan ruwa, ƙozo ya kore shi don bayansa duk laka. Sai ga zalɓe yana tafiyar ƙasaita, ƙozo ya rusuna ya ba shi hanya.

"To, mi kuka tsammani zalɓe ka ci?" ta ce, tana cusa itace a wuta da ƙarfi. "Da ɗiyan ƙozo yaf fara. Allah shi ƙara mai! Ta ƙare, ku tashi."

Da aka sake ruwa babana ya tambaye ta ko a shuka. Ta ce, "Ban jiya ba, ban cewa." Ya bi kukan ƙozo ya shuka. Ruwa ya ɗauke, tsiron ya ƙone, irin da muka adana ya tafi a banza. Mun sha wuya a shekarar.

Na daɗe ina ɗauka malamin dajin kawai take zagi. Sai da na girma na gane takaicinta: a bakin tafkin take shirin koya mana bambance kukan kwaɗi, kuma ta rasu ba ta koma ba. Yau ni ma da gonata. In ruwa ya zuba nakan tsaya in saurara, duk kukan ɗaya nake ji. Har yanzu ban yafe wa mutumin nan ba.